BABI NA BIYU: TARIHIN SHUGABANCI DA SARRAFA KAYAN AIKI A MAKARANTUN SAKANDAREN DA 'YA'YAN ƘOFAR WAMBAI SUKA HALARTA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da kuma farfajiyarsa, wato unguwar Ƙofar Wambai da kewayenta a cikin birnin Kano. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne domin a ga irin hannuwan da suka riƙe makarantun sakandaren da 'ya'yan wannan yanki suka halarta, da kuma yadda aka sarrafa abin da aka samu na kuɗi da gine-gine da malamai.

Ƙofar Wambai ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, tana tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Mata, tana kuma fuskantar Fagge. An san yankin da kasuwarsa, inda ake cinikin gwanjo da zare da kayan roba, an kuma san shi da dukanci da ɗinkin takalma. Wannan yana da muhimmanci ga binciken, domin yaron da ya tashi a nan yana da wata makarantar da ke jiran sa a bakin ƙofa, wato kasuwa. Idan ya je aji bai tarar da malami ba, ko ya tarar da malami babu alli, mahaifinsa ba zai daɗe yana lissafi ba kafin ya ce masa ya zo ya tsare rumfa. Saboda haka rashin iya sarrafa kayan makaranta a irin wannan yanki yana iya raba yaro da karatu baki ɗaya.

Masana harkar gudanar da makarantu sun saba kasa shugabanci gida uku, bisa ga gwajin da Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White suka wallafa a 1939, bayan sun yi aiki da wasu ƙungiyoyin yara maza a jihar Iowa ta Amurka. Akwai shugabancin kama-karya, da shugabancin shawara, da kuma na sakin akala. Sun lura cewa yaran da ke ƙarƙashin mai kama-karya suna aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, da zarar ya fita sai aiki ya lafa, alhali kuwa yaran mai shawara suna ci gaba ko ba ya nan. Wannan rabe-rabe yana da amfani, sai dai halin shugaba kawai ya duba. Tarihin makarantun Kano ya nuna akwai wata tambaya da ya kamata ta riga wannan zuwa, ita ce: wa ke riƙe da mabuɗin sito? A kan wannan tambaya aka gina babin.

2.1 Kafin Zuwan Boko

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, unguwannin birni cike suke da makarantun allo da na ilimi, kuma har yau suna nan. A irin waɗannan makarantu malam shi ne komai. Zaurensa ne aji, shi ke karɓar kuɗin Laraba da sadakar sauka, shi ne kuma ke raba aiki ga gardawa su biya wa ƙanana karatu. Dukiyar ba ta da yawa, amma wanda ya san buƙata shi ne yake riƙe da ita, kuma iyayen yara maƙwabtansa ne, suna ganin abin da yake yi safe da yamma. Ba a kawo wannan don a ce tsarin ba shi da aibi ba. An kawo shi ne don a nuna cewa mutanen birni sun san makarantar da shugabanta ke da cikakken iko a kan ɗan abin da take da shi, kafin su san wadda shugabanta sai ya rubuta takarda ya jira.

2.2 Zamanin Turawa da En'e

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa, bayan ganuwa. Ya haɗa ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna da kuma sashen sana'o'i, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da saƙa, yana amfani da harshen Hausa da gine-ginen ƙasa da masu sana'a na gari. Za a iya cewa wannan shi ne misali na farko na boko da ya yi ƙoƙarin yin aiki da abin da ke hannu. To amma makarantar ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 Ɗan Hausa ya bar wurin, aka kuma mai da hankali ga makarantun larduna, ba ta sake komawa yadda take ba.

Makarantar da ta zama uwa ga sakandaren Kano ita ce Midil, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, kuma take ɗaukar 1927 a matsayin shekarar kafuwarta. Tsarin elemantare da midil da babbar kwaleji ya daɗa zama da gindinsa bayan E. R. J. Hussey ya zama Daraktan Ilimi na Nijeriya a 1929. Yaron birni da ya yi sa'a yakan fara daga elemantare kamar ta Shahuci ko ta Ƙofar Kudu, ya wuce Midil, sa'an nan idan ya yi zarra a tura shi Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, aka sake mayar da ita Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Malam Aminu Kano da Alhaji Maitama Sule da Sarki Ado Bayero da Janar Murtala Muhammad duk sun zauna a Midil ta Kano.

Abin lura a nan shi ne yadda aka raba iko. Midil makarantar En'e ce, kuɗinta daga Baitulmali suke fitowa, wato daga harajin talakawa da jangali, a ƙarƙashin kulawar Ma'aji. Akwai hedimasta ɗan ƙasa a cikin makaranta, akwai kuma Bature jami'in ilimi na lardi a kansa, wanda ke duba darasi da jarrabawa, sa'an nan Razdan yana duba kasafin En'e ɗin gaba ɗaya. Ke nan hedimasta yana da bulala, yana da ƙararrawa, yana da littafin horo, amma ba shi ne ke yanke nawa za a kashe wa hatsi ko sabulu ba. Ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930, wadda ta karya farashin gyaɗa ta sa aka tsuke bakin aljihu.

A cikin wannan hali ne, kamar yadda Alan Feinstein ya kawo a littafinsa na tarihin Malam Aminu Kano, ɗaliban Midil suka yi bore, Malam Aminu yana cikin jagororinsu, a kan ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokoki. Wannan labari yana da daraja ga mai nazarin shugabancin makaranta, domin ya haɗa abubuwa biyun da ake magana a kai wuri guda. Ɗaliban sun koka da salon shugabanci, wato tsanani, sun kuma koka da kayan masarufi. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, shugaban da ba shi da ikon ƙara sabulu babu abin da ya rage a hannunsa sai ƙara doka. Tsananin da aka san makarantun wancan zamani da shi bai rasa nasaba da wannan ba.

Duk da haka adalci ne a faɗi alherin tsarin. Ɗalibai kaɗan ne, makarantar ta kwana ce, kowane littafi da bargo da kwano a rubuce yake, kuma mai binciken kuɗi yana zuwa. Baitulmali yana cikin gari, ba wata doguwar tafiya ba ce. Ɓarna ta yi ƙaranci, amma waɗanda suka amfana ma sun yi ƙaranci, musamman a unguwannin 'yan kasuwa da masu sana'a irin Ƙofar Wambai, inda iyaye da yawa ba su ga abin da boko zai ƙara wa ɗan da ya riga ya gaji sana'a ba.

2.3 Makarantar Koyon Larabci

Akwai wata hanyar kuma da ta fi karɓuwa ga mutanen birni. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, an buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, sa'an nan a 1934 aka kafa Makarantar Koyon Shari'a ta Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Koyon Larabci. Shaihu Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a nan, daga baya kuma ya koyar. Shugabancin wannan makaranta ya fi karkata ga girman malunta, domin ɗaliban da yawansu manya ne da suka riga suka yi nisa a zaure, kuma kwarjinin shehi ya ishe su. A cikin harabar wannan makaranta ne aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta tashi zuwa tsohon otal ɗin filin jirgin sama a 1964, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Wato dai jami'a guda ta yi rarrafe a azuzuwan aro na wata makarantar cikin birni.

2.4 Komawar Mabuɗi Ma'aikatar Ilimi

A shekarun 1950 Midil ta zama Sakandaren Lardi, inda Janar Sani Abacha ya yi karatu daga 1957 zuwa 1962. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Baƙo, sai ragamar sakandare ta tattara a Ma'aikatar Ilimi ta jiha, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e. Daga nan firinsifal ya zama ma'aikacin gwamnati sosai da sosai. Ma'aikata ke turo masa malami, ita ke ɗauke shi, ita ke ba ɗan kwangila aikin kawo abinci da benci, shi kuwa nasa shi ne ya sa hannu cewa kaya sun iso. A lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, a tsakiyar shekarun 1970, ba a ji ciwon wannan sosai ba. An gina makarantu, an ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Ingila da Masar, ɗalibi yana samun littafi da tufafi da abinci. Yalwa ta rufe aibin tsarin.

2.5 Hukumar Makarantun Kimiyya ta 1977

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci a babin, domin a nan ne aka yi gwaji da gangan a kan tambayar da aka faro da ita. Tun bayan rikicin 1966, lokacin da ma'aikata 'yan kudu masu yawa suka bar Arewa, ya bayyana a fili cewa Kano ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya 'yan asalin jiha. Sakandaren da ake da su ba sa fitar da ɗaliban da za su cika gurbin jihar a sassan kimiyya na jami'o'i. A zamanin gwamnan soja Kanar Sani Bello, lokacin da Dokta Ibrahim Ayagi yake cikin kwamishinonin jiha, aka yanke shawarar ware makarantu na musamman. A 1977 aka buɗe Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura da wata ta maza a Kafin Hausa, waɗanda suka faɗa cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Abin da ya bambanta waɗannan makarantu da sauran ba manhaja ba ce, domin jarrabawar Yammacin Afirka ɗaya suke zana da kowa. Bambancin yana wajen gudanarwa. An kafa musu hukuma tasu, mai sakataren zartarwa da kasafin kuɗinta, wadda ba ta bin dogon layin ma'aikata kafin ta ɗauki malami ko ta sayi kayan ɗakin gwaje-gwaje. Makarantu biyu kacal take kula da su da farko, saboda haka tsakanin firinsifal da mai sa hannu a fitar da kuɗi mataki ɗaya ne. Haka kuma ba a warwatsa ɗan abin da ake da shi ba. Maimakon a ba kowace sakandare madubin ƙara girman abu guda ɗaya da rabin malamin fizis, sai aka tara malaman da kayan a wuri biyu, aka kuma zaɓo ɗalibai ta hanyar jarrabawa daga aji biyu na sauran sakandare, su shiga aji uku a can. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin wannan shiri na tsawon shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa na Kano da Jigawa ta waɗannan makarantu suka bi, har kalmar Dawaki ta zama abin tinƙaho a bakin tsofaffin ɗalibai. Wasu jihohin Arewa ma sun kwaikwayi tsarin.

Sai dai bai kamata a tsaya ga yabo kawai ba. Shugabannin sauran makarantu ba duka suka yi murna ba, kuma suna da hujja: su ne suka raini yaro shekara biyu, da ya fara haske sai a ɗauke shi, ranar da sakamako ya fito kuma a auna su da waɗanda aka bar musu. An kuma soki shirin da cewa gata ne ga 'yan kaɗan. Wannan suka tana da ƙarfi idan aka dube ta daga Ƙofar Wambai, domin a duk yaron unguwa ɗaya da ya sami tafiya Dawakin Tofa, akwai ɗimbin 'yan uwansa da suka rage a makarantun da mabuɗinsu ke ma'aikata. A ra'ayin wannan bincike, kuskuren shi ne an ɗauki nasarar a matsayin ta zaɓen ɗalibai kawai. Ba a tsaya an tambaya ba ko kusanto da kuɗi ga firinsifal, wanda shi ne rabin sirrin, zai yi aiki a makarantar da ba ta zaɓi ɗalibanta ba.

2.6 Akwatunan da Ba a Buɗe ba

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yaran da aka ɗiba a wannan shekara sun iso ƙofar sakandare a 1982, daidai lokacin da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma daidai lokacin da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada. Abubuwa uku ke nan suka haɗu wa shugaban makaranta a lokaci guda: ɗalibai sun ninka, kuɗi sun ragu, manhaja ta sauya. A cikin birni aka koma ga makarantun jeka-ka-dawo, wasu ma aka raba su zuwa ta safe da ta yamma a gini ɗaya, da benci ɗaya.

Babu misalin da ya fi fito da matsalar fili kamar na kayan koyar da fasaha. Gwamnatin tarayya ta yi odar injunan kafinta da na ƙira da na lantarki daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa ƙananan sakandare a faɗin ƙasa. A makarantu da dama babu ɗakin da za a girka su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san su. Haka akwatunan suka zauna a baranda da sito, ruwa ya dake su, tsatsa ta ci, wasu kuma aka yi awon gaba da su. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ba a tambayi firinsifal abin da yake buƙata ba kafin a saya, kuma ba shi da ikon ya sayar da inji ya gina ɗaki, ko ya ɗauko kafinta daga gari ya koyar. Abin takaici ga yanki irin Ƙofar Wambai shi ne, masu sana'ar hannu suna nan birjik a bayan katanga, irin waɗanda Ɗan Hausa ya jawo cikin makarantarsa tun 1909, amma doka ba ta san su a matsayin malamai ba tun da ba su da takardar shaida.

Da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, malaman ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu. A wannan zamani ne salon shugaba ya fara yin tasiri ta wata fuska dabam. Tun da ma'aikata ba ta da abin bayarwa, sai ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai da attajiran unguwa suka zama madogara. Firinsifal mai kama-karya zai iya sa ɗalibai su zo da wuri, amma ba zai iya tilasta wa ɗan kasuwa ya ba da buhun siminti ba. Wannan sai mai zuwa ɗaurin aure da jana'iza, mai zama da masu unguwa da limamai, mai karanta wa iyaye lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe. Ɗan kasuwar birni ya san lissafi, kuma ba ya sake zuba kuɗi inda bai ga ƙididdiga ba.

2.7 Daga 1999 Zuwa 2024

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta haɗa ƙaramar sakandare da firamare a matsayin shekara tara na dole. A tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin gudanarwa a kowace makaranta, wanda ya ƙunshi shugaban makaranta da wakilan iyaye da malamai da ɗalibai da masu sarauta da mata da masu sana'a. A takarda wannan shi ne shugabancin shawara, amma kwamitin da ba shi da asusu taro kawai yake yi. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har zuwa sakandare, abin da ya sauƙaƙa wa iyaye, ya kuma toshe ɗan kuɗin da firinsifal ke karɓa ya sayi alli, sai abin da gwamnati ta turo. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Kano take cikin jihohi bakwai na farko, ya bi wata hanyar: yana tura tallafin gyara kai tsaye zuwa asusun da kwamitin makaranta ke kula da shi, kwamitin ya zaɓi ko rufi zai gyara ko banɗaki ko rijiyar burtsatse. A watan Yuni na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, inda ya ambaci yawan ɗaliban da ke zaune a ƙasa da ƙarancin malamai.

A babi na uku za a bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai daga shugabanni da malamai da iyaye a makarantun da ke karɓar 'ya'yan Ƙofar Wambai.